Zare a Cikin Ambulan

Zuwa ga 'Yar Kawu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya ke da mutanen gidanki. Idan kin tambayi tawa lafiyar, jiki da sauƙi, sai gwiwar nan ta hagu da ta ƙi ni tun bara.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san ban shiga aji ba sai da furfura ta fara fito min, a makarantar yamma ta manya, kuma lokacin da 'yata Auta take gida ita ce mai duba min wasiƙa kafin in liƙe ambulan. Yanzu babu mai dubawa.

Na gode da ɗawainiyar da kika yi har aka kawo mana gawarta. An binne ta kusa da uwarta. Ni na yi akwatin da hannuna. Dattawan coci sun ce in bar wa wani kafinta, wai ba a ɗora wa uba irin wannan aiki. Na ce musu shekara da shekaru ina yi wa 'ya'yan mutane, ba zan miƙa tawa ga wanda zai bar kan ƙusa a waje ba. Sai suka bar ni da zartona.

Surukina ya juya a ranar, saboda jaririyar da Auta ta bari a asibitinku. Bai iya haɗa ido da ni ba, ni ma ban san abin da zan ce masa ba. Kin san tsakanin suruki da suruki magana ba ta da tsawo ko a ranar daɗi. Shi ya sa na juyo gare ki, ke da kike aiki a ɗakin wankin asibitin. An ce min yarinyar bakwaini ce, ko ma ba ta kai ba, kuma an sa ta a kwalba. Ni dai ban san yadda ake sa mutum a kwalba ba. Ki duba min ita, ki gaya min gaskiyar abin da idonki ya gani, ba abin da ake gaya wa tsofaffi don su yi barci ba.

Na san za ki ce me ya hana ni zuwa da kaina. Zan ce miki gwiwa, kuma ba ƙarya ba ne, tafiyar da nisa. Amma ba gwiwar kaɗai ba ce. Ina tsoron in gan ta in so ta, sannan a karɓe. Zuciyata ba ta da sauran wurin da za a sake yanka.

Ki riƙa ba Sai-Gobe amsa, direban nan da ke tsayawa a tashar da ke bayan shagona. Sunansa ya bi shi, amma duk da haka ya fi gidan waya sauri.

Naki,
Ɗan Gwaggo

*

Zuwa ga Ɗan Gwaggo,

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da kai. Muna lafiya, sai ciwon baya, wanda duk mai wanki ta san shi kamar ɗan uwanta. Allah ya ba mu haƙurin rashin Auta. Har yanzu idan na wuce ɗakin haihuwa sai in sauya hanya.

Rubutunka na karanta shi tsaf. Kada ka ƙara ba ni haƙuri a kansa, ya fi na likitocinmu, waɗanda in sun yi rubutu sai ka ce kaza ce ta yi tono.

Kwalbar da ake faɗa ba irin ta magani ba ce, tsoho. Wani ɗan ɗaki ne na gilashi, da ɗumi a ciki, da ƙananan ƙofofi biyu da ake zura hannu. A ciki jikarka take kwance. Ba a barin irina su shiga, amma Babbar Nas ni nake yi mata gugar kaya, don haka takan ɗauke kai in tsaya a bakin taga idan na kawo zannuwa. Ka ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Yarinyar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Ana ba ta madara ta wata siririyar roba da aka zura mata a hanci. Wani lokaci takan manta ta yi numfashi, sai na'ura ta yi ƙara, nas ta zo da gudu ta ɗan ɗalle ta a ƙafa, sai ta tuna. Ranar farko da na ga haka, zannuwan hannuna sun zube ƙasa, sai da na sake wanke su.

Na tare likita a hanya na tambaye shi. Ya ce ba zai ce za ta rayu ba, ba zai ce ba za ta rayu ba, sai dai a jira. Na ce likita, wannan ai ko ni mai wanki na iya faɗa. Ya yi murmushi ya wuce.

Surukinka kuwa abin tausayi. Daga kamfanin sabulu kai tsaye yake zuwa nan, ya zauna a benci a bakin ɗakin, da ƙanshin sabulu a jikinsa, har masu shara sun san shi suna zagaye ƙafafunsa. Bai sa mata suna ba tukuna. Na tambaye shi, ya ce, "Mama, bari mu gani." Ku biyu kamar uwa ɗaya ta haife ku.

Wani abu kuma. Sai-Gobe ya ce ranar Lahadi ya ga shagonka a buɗe, kana ciki kana buga guduma lokacin da ake sujada. Kai da kake riga mai buɗe coci isa? Ban ce kada ka yi baƙin ciki ba. Amma ka je ka yi shi a can, a kan bencin da kai ka ƙera da hannunka.

Taka,
'Yar Kawu

*

Zuwa ga 'Yar Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sawwaƙe ciwon bayan. Tawa gwiwar tana nan yadda kika san ta.

Na karanta bayanin yarinyar sau da yawa. Wurin nan da kika ce tana manta numfashi, can nake tsayawa kullum.

Ashe Sai-Gobe bayan tuƙi har da kai rahoto yake yi. Gaskiya ya faɗa. Ban koma coci ba tun ranar jana'iza. Fasto ya zo shago, ya zauna a kan guntun katako, bai yi min wa'azi ba, na kuma gode masa da haka. Ya daɗe yana kallona ina aiki, ya tashi wandonsa duk garin katako. Kada ki ɗauka faɗa nake yi da Allah. Ina ni ina faɗa da shi. Kawai dai ba ni da abin da zan ce masa, kamar yadda nake da surukina. Na roƙe shi a kan uwar yara, ya ɗauke ta. Na roƙe shi a kan Auta tun ranar da aka ce tana da ciki, ya ɗauke ta. Yanzu ina jin in na buɗe baki a kan wannan ma, kamar nuna masa inda take zan yi.

Likitanku ya ce a jira. Na san jira a sana'ata. Ɗanyen katako sai ka jingine shi a inuwa ka manta da shi watanni, in ka yi gaggawa ƙofa ta karkace. Amma shi wannan na san abin da zai zama in ya bushe. Wannan jiran na yanzu ban san me nake jira ba. Duk lokacin da na ji odar mota a tasha sai in ajiye abin da ke hannuna.

Ina roƙon ki abu ɗaya. In abin ya faru, kada ki yi min dogon rubutu, kada ki fara da nasiha ki bar maganar sai ƙarshe. Idona ba ya sauri a kan takarda, kafin in kai wurin sai in mutu sau goma. Ki faɗa a taƙaice, zan gane.

Naki,
Ɗan Gwaggo

*

Ɗan Gwaggo,

Yau da safe sun fitar da ita daga kwalbar. Na riƙe ta a hannuna. Na auna ta da zaren nan da na sa maka a ciki, ga tsawonta daga kai zuwa ƙafa. Uban ya kasa magana, kuka kawai yake yi. Allah ya san abin da yake yi. Mota za ta tashi, sauran bayani daga baya.

'Yar Kawu

*

Zuwa ga 'Yar Kawu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Saƙonki ya iso. Na gode da kika taƙaita kamar yadda na roƙa.

Kin bar garin nan kina yarinya, amma ashe ba ki manta yadda ake kawo min aiki ba. Mutum ya shigo shago, ba ya cewa komai, ya ajiye zare ko igiya a kan tebur, an ƙulle ta daidai tsawon mamacin. Sai in auna, daga baya in tambayi ko wane ne. Na karɓi irin wannan zare daga hannun masu kuɗi da talakawa, har na daina jin komai in na gan shi. Amma da na buɗe ambulan naki ya faɗo a cinyata, na daɗe ban iya ɗaga shi ba. Da ƙyar ya kai kamu ɗaya.

Na rufe ƙofar shago na yi aikin. Akwai ragowar katako daga na uwarta, da shi na yi. Na goge shi har ba inda zai kama zare, na bar ɗan sarari wajen kai kamar yadda na saba. Matar maƙwabcina mai gyaran keke ita ta ɗinka farin ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki. Ga ta da tsohon ciki, na ce kada ta yi, ta ce ai ba da ciki ake ɗinki ba.

Sai dai ki yi haƙuri, akwatin ba zai zo ba. Na naɗe shi a zane na kai tasha, Sai-Gobe ya ɗaga gefe ya gani, ya ja da baya. Ya ce, "Baba, ka yafe ni. In fasinja ɗaya ya gane abin nan, motar nan har kwandasta sai ya sauka." Na roƙe shi, ya rantse ba zai iya ba. Ban ga laifinsa ba. Wasiƙar nan kaɗai ya yarda ya ɗauka.

Don haka kada ku jira ni. Ku sa ta a abin da kuka samu. In da hali a yi mata addu'a yadda ake yi wa babba, ko da ba ta da suna, wanda ya yi ta ya san ta. Ki gaya wa surukina ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na sani. Ki gaya min inda aka sa ta.

Na ce ba zan gan ta ba don kada in so ta. Wannan dabara ba ta yi aiki ba.

Naki,
Ɗan Gwaggo

*

Zuwa ga 'Yar Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Wannan ta gidan waya na aiko, domin tun ranar da Sai-Gobe ya tafi da waccan wasiƙar ba a sake ganin motarsa a tasha ba. Ke ma shiru. Na yi ta tunani ko fushi kika yi da akwatin bai zo ba, ko kuwa kina ganin da na zo da kaina tun farko. In haka ne, kina da gaskiya.

Mutane sun yi ta zuwa gaisuwa. Matan coci sun zo sun cika tsakar gida, sun yi waƙa, ni ina zaune kamar baƙo a gidana. Akwatin kuwa na ɗora shi a saman kanta na rufe da buhu. Kullum in na ɗaga kai sai in gan shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Matar mai keke ta haihu, namiji. Mun ji kukansa ta katanga, mijin ya zo yana dariya har ya taka min gwangwanin ƙusa. Yaron bai yi mako ba. Da sassafe na ga mai keke tsaye a ƙofar shago da zare a hannu, ya kasa shigowa, ya kasa ajiyewa. Shi kansa yaro ne ƙarami, wannan ce haihuwarsu ta fari. Ban karɓi zaren ba. Na hau kujera na sauko da akwatin, na ɗora masa a hannu. Ƙyallen da matarsa ta ɗinka yana ciki.

A maƙabarta mutane kaɗan ne, Fasto kuma ya yi tafiya. Da aka saukar da shi, kowa ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai mai keke ya juyo ya ce, "Baba, kai ne babba, yi mana addu'a." Na so in ce masa ya nemi wani, bakina ya yi tsatsa. Amma na dubi fuskarsa na kasa. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, Ubangiji Yesu, ga shi nan mun kawo. Ka haɗa shi da nawa. Kai ma an sa ka a irin wannan wuri, ka san duhunsa, ka kuma san hanyar fita. Ba mu san komai ba, amma kai muke jira. Iyakar abin da na iya ke nan. Aka ce amin.

Ranar Lahadi na je coci. Na zauna a bencin baya, ban yi waƙa ba, ban kuma ji wani daɗi ba, kada in yi miki ƙarya. Amma na zauna har aka tashi. Na ga kamar na san abin da nake jira yanzu, ko da ba a wannan duniya ba ne.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Har yanzu ban san inda kuka sa ta ba.

Naki,
Ɗan Gwaggo

*

Zuwa ga Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa, ko da yake ban ga kamar ka damu da gaisuwata ba. Muna lafiya, in kana son sani.

Wai kai wane irin mutum ne? Na baro wanki a jiƙe, na yi gudu har tasha da wannan bayan nawa don in ba ɗan kamasho takarda ya miƙa wa direbanka, kai kuma ko "na gani" ba ka iya rubutawa ba? Makonni nawa yanzu? Ko makarantar yamman ba su koya muku amsa wasiƙa ba? Surukinka kullum sai ya tambaye ni, "Mama, Baba ya ce wani abu?" In ce hanya ce ba kyau. Jiya ya ce min shi ya gane, wai kana ganin yarinyar ce ta ci uwarta, shi ya sa ba ka son jin labarinta. Na yi masa faɗa, amma da na koma gida na rasa abin da zan kare ka da shi. In haka ne a ranka, ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan ba ta

Ɗan Gwaggo, a nan na tsaya jiya, aka kira ni. Na bar na saman yadda yake don ka ga irin zagin da ka sha. Yanzun nan Sai-Gobe ya shigo ɗakin wanki, ya rame, ya cire hula yana yi min gaisuwar mutuwa. Na ce wa ya mutu? Ashe injin motarsa ne ya buga a hanya, ya yi makonni a wani gari yana jiran kayan gyara, wasiƙarka tana cikin aljihun mota. Na karanta ta a tsaye. Ban san lokacin da na zauna a kan ƙullin zannuwa ba.

TANA DA RAI. Na rubuta da manyan baƙaƙe don idonka. Jikarka tana da rai, tana nan lafiya. Sun fitar da ita daga kwalba ne domin ta daina manta numfashi. Kukan uban na murna ne. Zaren kuwa, wayyo ni, daga bakin wani tsohon zanen gado na zare shi, don ka ga yadda ta yi tsawo, ka nuna wa mutane. Ina zan san abin da zare yake nufi a shagonka? Ni da na bar garin ko ɗaurin zane ban iya ba? Na kuma manta sam ka ce in taƙaita in labari ba kyau. Sauri ne ya taƙaita ni. Ka yafe min, na sa ka binne mai rai.

Yanzu ta wuce zaren nan da nisa. An cire robar hanci, tana shan madara a ɗan kofi, in an yi jinkiri ta tsala ihu har ɗakin wanki. Babbar Nas ta ce bakin nan ba na uban ba ne, a bincika dangin uwa. Na ce na san mai shi. An ce za a sallame su kwanan nan, kuma gidana za su zauna tukuna.

Na yi kuka a kan akwatin nan har abokan aikina suka taru. Wata tsohuwa da muke guga tare, da na ba ta labari, ta ce in gaya maka ba kai ne na fari ba. Ta ce matan nan da suka je kabarin Ubangiji da sassafe, ai kayan ƙanshi na gawa suka ɗauka. Sun kashe kuɗinsu, sun shirya tsaf don mamaci, ba wadda ta tafi da shirin ganin mai rai. Kuma bai tsawata musu ba.

Na ce wa Sai-Gobe in ya sake ya miƙa maka takardar nan kafin ya faɗa maka da bakinsa, ni da shi ne.

Taka,
'Yar Kawu

*

Zuwa ga 'Yar Kawu, taubashiyata, mai kashe mutum da zare,

Yabo ga Ubangiji! Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Gwiwar ma ban san inda ta shiga ba tun jiya. In kin ga rubutun yana hawa yana sauka, murna ce, kuma ba zan ba da haƙuri ba.

Sai-Gobe ya cika umarninki har ya wuce. Ko motar bai gama tsayarwa ba ya diro, ya bar fasinjoji a ciki, ya taho yana ihu tun daga tasha, "Baba, tana da rai! Jikarka tana da rai!" Ina riƙe da guduma. Na ce masa kai, ba a wasa da irin wannan. Ya ce ya gan ta da idonsa, kin kai shi bakin taga, har ta yi hamma. Sai na zauna a ƙasa cikin garin katako, tsofai-tsofai da ni, ina dariya ina kuka, masu shaguna suka fito suna tsammanin na zare. Na yafe miki. Na yafe wa motar ma. Zagin da kika yi min a rabin takarda kuwa, na karɓa, bashi ne zan rama in na zo.

Akwai wata wasiƙa tawa a hanya ta gidan waya, wadda na rubuta ina cikin duhu. In ta iso kada ki yaga, ki karanta. A ciki za ki ga inda akwatin ya tafi. Ɗan maƙwabcina mai keke ne a ciki. Abin da na rubuta a can ban janye ko kalma ɗaya ba. Na gode wa Allah da ya buɗe min baki kafin labarin nan ya zo, don da sai in ce saboda ya biya ni ne na koma.

Ki kira surukina ki karanta masa wannan a hankali. Ɗana, ban taɓa ɗora wa yarinyar nan laifi ba, ban kuma ɗora maka ba. Zaman da ka yi a bencin nan, ni ya kamata in taya ka. Ka sa mata suna, kada ka jira ni, ta jira da yawa. Ka kuma gaya wa amaryar tawa angonta yana tafe, tsoho ne mai ɗingishi, amma yana da sana'a.

Zan taso bayan Lahadi. Dole in tsaya gaban jama'a a coci tukuna, domin duk sun zo min gaisuwa, ni kuwa ban san yadda ake mayar wa mutane gaisuwar mutuwa ba. Fasto ya ce shi ma bai taɓa yi ba, za mu koya tare.

Abu ɗaya ne ya yi min nauyi. Ihun Sai-Gobe ya shiga gidan mai keke kafin ya iso nawa. Da hankalina ya dawo, na ji kunyar dariyata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na rasa yadda zan shiga in gaishe su. Da yamma sai ga matar ta yi sallama. Ta durƙusa ta yi min barka, idonta jawur. Na ce 'yata, ki yi haƙuri da hayaniyarmu. Ta ce, "Haba Baba, a unguwar nan ai gara a ji wani ya samu." Sai ta kwance bakin zanenta ta fitar da wata 'yar hula da riga da ta saƙa tun tana da ciki, ba a taɓa sa su ba. Ta ce in kai wa jikata. Na ce ta ajiye, Allah zai ba ta wani. Ta ce in ya ba ta za ta saƙa sabo, waɗannan ba ta son su tsufa a cikin akwatin kaya.

Na juya hular a hannuna, na ce mata yarinyar ƙarama ce ƙwarai, ina jin za ta yi mata yawa. Ta ce ba komai, a ajiye mata, za ta girma ta same ta.

Suna cikin jakata. Ki share min wurin kwana.

Naki har kullum,
Ɗan Gwaggo